Murtala Muhammed: Hafsan sadarwa da ya mulki Najeriya kwana 200

A watan Satumba na 2021 aka wayi gari wayoyin salula sun daina aiki a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Hukuma ce ta sa aka kashe turakun, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara. Hujjar gwamnatin Aminu Bello Masari ita ce a raba 'yan bindigar daji da masu tsegunta musu labari daga cikin gari, a kuma toshe hanyar cinikin kuɗin fansa. Wata tara kafin nan, a daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, an kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙafa, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. Rufe layukan bai fitar da ɓarayin daga daji ba. Wanda ya fi ji a jikinsa shi ne manomin da aka shigo wa ƙauye da tsakar dare, ya ɗauki waya ya rasa wanda zai kira.

Ƙasashen da suka yi nisa a harkar tsaro wata hanya suke bi. Sukan bar maƙiyi ya yi ta magana, su kuma su kasa kunne. Ƙananan jiragen alfarma irin waɗanda attajirai ke hawa su ne yanzu ake cire wa kujeru a cika su da na'urorin sauraro. Isra'ila ta ɗora nata a kan Gulfstream V, Suwidin a kan Gulfstream IV. Irin wannan jirgi yana hawa sama da ƙafa 40,000, yana daɗewa bai sauka ba, kuma ɗawainiyarsa ba ta kai ta manyan jiragen fasinja ba. Gwargwadon nisansa da ƙasa, gwargwadon faɗin yankin da kunnensa ke kaiwa. Idan wani ya kunna oba-oba a tsakiyar daji, na'ura za ta auna ɓangaren da sautin ya fito, jirgin ya ƙara gaba ta sake aunawa, inda layukan biyu suka haɗu a taswira nan mai maganar yake. 'Yan Najeriya sun ji labarin ɗan'uwan waɗannan jirage a 2014, lokacin da Birtaniya ta aiko da Sentinel, jirgin Bombardier Global Express mai ɗauke da rada, domin taya neman 'yan matan Chibok.

Waya da rediyo suna da rundunarsu ta musamman a soja. Babban aikinta shi ne sada kwamanda da dakarunsa, da tsare saƙo kada ya faɗa kunnen da ba nasa ba. Daga cikin wannan runduna Najeriya ta taɓa samun shugaban ƙasa, kuma kusan kowace gaɓa ta rayuwarsa ta rataya ne a kan wane ne ya ji labari, da yaushe ya ji shi, da abin da ya yi bayan ya ji.

An haifi Murtala Ramat Muhammed a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Mahaifinsa, Muhammadu Riskuwa, ma'aikacin En'e ne, sunan Ramat kuwa daga mahaifiyarsa Uwani Rahamatu ya samo shi. Gida ne na malamai da alƙalai, kuma yana da dangantaka da Inuwa Wada, wanda ya zama Ministan Tsaro bayan rasuwar Muhammadu Ribadu a 1965. Ya yi firamare a Cikin Gida da Gidan Makama, ya shiga Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, sannan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, ya gama a 1957. Yakubu Gowon, wanda ƙaddara za ta riƙa haɗa su tana raba su har ƙarshe, yana gabansa a makarantar.

Ya shiga soja a 1958, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya fito da anini ɗaya a 1961. Daga nan ya yi kwas na sadarwa a Catterick. Zaɓi ne da bai cika ɗaukar hankalin samarin hafsoshi ba, domin suna da ɗaukaka na wurin dakarun ƙasa masu riƙe da bindiga. Amma a ƙasar da ta karɓi mulkin kai a 1960 da layukan tarho da ba su kai 20,000 ba, duk wanda ke riƙe da rediyon soja yana riƙe da jijiyar da ta haɗa Legas da Kaduna da Badun da Inugu. Ya yi aiki da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango, ya dawo a 1962 ya zama dogarin Dakta Moses Majekodunmi, kantoman da aka naɗa wa Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci. A 1963 ya shugabanci sashen sadarwa na Birged ta Ɗaya a Kaduna, a shekarar kuma ya auri Ajoke, Bayarabiya. A 1964 yana Manjo, yana riƙe da rukunin sadarwa na Apapa a Legas.

A can juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya same shi. A dare ɗaya aka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Samuel Akintola, da Festus Okotie-Eboh. A barikoki kuma Arewa ta rasa manyanta: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar James Pam. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da waɗanda suka yi kisan ba, sannan a watan Mayu ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta soke tsarin tarayya. Ironsin ne kuma ya ƙara wa Murtala girma zuwa Laftanar-Kanar, ya zama Sufeton Sadarwa a hedikwatar sojan ƙasa. Da wuya a sami shugaban da ya taɓa miƙa wa mai jin haushinsa makami irin wannan.

Murtala bai iya ɓoye abin da ke ransa ba, kuma bai ɓoye ba. A kusa da shi ƙananan hafsoshin Arewa suka taru, suka laƙaba wa shirinsu sunan Aure domin a riƙa zancensa a fili ba tare da an gane ba. An sa rana an ɗage ba sau ɗaya ba. A ƙarshe ma abin ya kuɓuce musu ne. A daren 28 ga Yuli aka buga waya daga Legas zuwa barikin Abekuta ana gargaɗin cewa akwai juyin mulki a tafe, kwamandan ya tara hafsoshi, sojojin Arewa suka ɗauka su za a kama, suka buɗe wuta. Kafin gari ya waye wutar ta kai Ikeja da Badun, inda aka kama Ironsi da mai masaukinsa, Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi, aka kashe su. An kashe hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a kwanakin da suka biyo baya, akasarinsu ba su da hannu a abin da ya faru a Janairu. Cikin ƙananan hafsoshin da suka shiga wannan bore akwai wani Laftanar ɗan Daura, Muhammadu Buhari.

Akwai abin da masu yabon Murtala ba su cika son tunawa ba. A ranakun nan uku da Najeriya ta kwana ba shugaba, shi ne ya fi kowa kafewa a barikin Ikeja cewa Arewa ta ɓalle. Araba ce manufarsa, har an fara kwashe iyalan sojojin Arewa daga Legas zuwa gida. Manyan sakatarorin gwamnati da jakadun Birtaniya da Amurka ne suka yi ta lallashi, suna nuna wa hafsoshin cewa Arewar da ba ta da teku ita za ta fi kowa shan wahala. Aka daidaita a kan Gowon ranar 1 ga Agusta. Murtala ya amince, amma da ƙyar, kuma tun daga ranar bai taɓa ɗaukar kansa ƙasa da mutumin da yake ganin shi ya share wa hanya ba.

Shekara guda bayan haka, mutumin da ya nemi a raba ƙasa shi ne ya fi kowa zafi wajen yaƙin hana raba ta. Ranar 9 ga Agusta, 1967 dakarun Biyafara suka ƙetare Kogin Kwara, suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya, suka kai har Ore, hanyar Legas ta buɗe. Aka ba Murtala aikin kafa Runduna ta Biyu cikin gaggawa. Da abin da ya samu ya haɗa ta, har da masu dafa abinci da akawu da sababbin shiga da ba su gama koyon harbi ba, ya kwashi motocin haya ya ɗora su. Da wannan tarkace ya kori 'yan tawaye, ya shiga Binin ranar 20 ga Satumba. Wannan ne aikin soja mafi kyau da ya yi a rayuwarsa, kuma gaggawar da ta ba shi nasara ita ce ta ja masa duk abin da ya biyo baya.

A farkon Oktoba dakarunsa suka shiga Asaba. Ranar 7 ga wata mutanen garin suka fito cikin fararen kaya suna waƙar goyon bayan Najeriya ɗaya, da fatan hakan zai kwantar da hankalin sojoji. Aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa ne suka mutu, aka binne da yawa a ramuka na bai-ɗaya. Ba a taɓa gurfanar da kowa ba. Ana iya jayayya a kan wanda ya ba da umarni a filin, amma babu jayayya a kan wanda ke riƙe da rundunar, kuma hafsan da ya ƙware a sadarwa shi ne na ƙarshe da zai iya fakewa da cewa labari bai iso masa ba.

Daga Asaba ana hango Anacha a ɗaya gaɓar, an kuma karya gadar. Hedikwata ta ba shi shawarar ya hau arewa ya ƙetare ta Idah, inda babu abokan gaba, ya gangaro ta tudu. Ya ƙi. Sau uku ya tura dakaru cikin jiragen ruwa su haye kogin gaba da gaba, sau uku ana hallaka su. A karon farko sun shiga garin, suka shagala da wawaso, 'yan Biyafara suka komo suka rutsa su ba hanyar komawa. Sai bayan an yi asarar rayukan da ba su da dalilin salwanta ya bi hanyar da aka nuna masa tun farko, ya kama Anacha a watan Maris na 1968. Cikin hafsoshin da suka yi wannan gumurzu akwai Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 31 ga Maris, ayarin rundunar na motoci kusan 100 ya faɗa kwanton-ɓauna a Abagana. Makamin 'yan Biyafara ya sami tankar mai, wuta ta bi ayarin da ke jere a ƙunƙuntar hanya ɗauke da harsasai. Babu wanda ya leƙa gaba ya ga abin da ke jira a gefen hanya. Sojojin da ke bin hanyoyin dajin Rugu a yau sun san wannan irin makanta.

Ya bar fagen daga a tsakiyar 1968, Kanar Ibrahim Haruna ya gaje shi, shi kuma ya koma kujerarsa ta Sufeton Sadarwa. Da wani ne, da tuni an kai shi kotun soja saboda saɓa umarni. Gowon ya yi haƙuri da shi, ya ƙara masa girma zuwa Birgediya a 1971. A wannan ofis ne ya san M.K.O. Abiola, wanda ya zo karɓar bashin da kamfanin ITT ke bin soja, aka fara da cacar baki aka ƙare da abota. A watan Agusta na 1974 Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, ya haɗa da muƙaminsa na soja. Wayar farar hula da ta bariki duka suka koma hannun mutum ɗaya.

Gwamnatin Gowon a lokacin ta gaji. Kuɗin mai sun shigo kamar ambaliya, gwamnoni sun zama sarakunan da ba a taɓawa, ƙidayar 1973 ta jawo rigima, sannan ranar 1 ga Oktoba, 1974 Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976. Wasu hafsoshi masu muƙamin Kanar da Laftanar-Kanar suka shirya kifar da shi: Joe Garba mai tsaron fadar shugaban, Abdullahi Muhammad na leƙen asirin soja, Ibrahim Taiwo, Anthony Ochefu da Shehu 'Yar'aduwa. Labarin ya kai ga Gowon kafin lokaci ta bakin M.D. Yusufu, jikan Sarkin Katsina Dikko, wanda ke riƙe da sashen asiri na 'yan sanda. Gowon ya kasa yarda cewa Garba zai ci amanarsa, ya hau jirgi ya tafi taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Ranar 29 ga Yuli, 1975 Garba ya yi sanarwa a rediyo, ba a zubar da jini ba. Matasan suka miƙa wa Murtala shugabanci, Olusegun Obasanjo ya zama na biyu, Theophilus Danjuma ya riƙe sojan ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har yau ake ambaton sunansa a majalisun shayi idan an gaji da jan ƙafar masu mulki. Ya sauke gwamnoni 12 gaba ɗaya, bincike ya wanke biyu kacal, aka ƙwace dukiyar sauran. Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ƙasar Katsina ke ciki, ta sami Usman Jibrin na sojan sama, Buhari kuma aka tura shi Arewa maso Gabas. Ya soke ƙidayar 1973 aka koma ta 1963. A tashar jiragen ruwa ta Legas ya tarar da jirage sama da 400 sun yi cirko-cirko da siminti da aka yi odarsa ba lissafi, ana biyan su kuɗin jira kullum, ya ɗora wa 'Yar'aduwa, Kwamishinan Sufuri, aikin warware cunkoson. Ya kafa kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams domin rubuta tsarin mulki, ya sa ranar 1 ga Oktoba, 1979 a matsayin ranar komawa bariki. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, ya kuma sanar da cewa babban birni zai bar Legas ya koma tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Katsina ba ta samu jiha a wannan rabo ba, ta zauna cikin Kaduna har 1987.

Korar ma'aikata ita ce talakawa suka fi yi wa tafi, ita ce kuma ta fi barin tabo. Sama da mutum 10,000 aka sallama cikin 'yan watanni, daga Babban Jojin Ƙasa Taslim Elias har zuwa masinja, da yawa a rediyo suka ji sunayensu, ba tuhuma ba damar kare kai. An kori ɓarayi da malalata, an kuma haɗa da mutanen kirki waɗanda laifinsu kawai shi ne wani na ƙasa da su yana son kujerar. Ma'aikacin da ya tsira ya koyi darasin da ba shi aka yi niyyar koya masa ba: tunda aiki na iya ƙarewa da labaran ƙarfe bakwai, gara ya tara abin da zai ci tun da wuri.

A waje kuwa ya yi abin da ba a saba gani daga Legas ba. Da ya tabbata sojojin Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata sun shiga Angola, sai Najeriya ta bar tsaka-tsaki ta amince da gwamnatin MPLA a watan Nuwamba na 1975. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da za su ɗauka, gwamnatin Murtala ta fitar da wasiƙar ga 'yan jarida tare da martani mai kaushi. Ranar 11 ga Janairu, 1976 ya tsaya a Adis Ababa ya shaida wa duniya cewa lokacin da ake juya Afirka daga waje ya wuce.

A cikin bariki kuwa wata wuta na ci a ƙasa. Yaƙi ya bar wa Najeriya sojoji kusan 250,000, ana shirin rage su sosai, kuma ƙarin girman da aka yi a watan Janairu, wanda ya sa Murtala ya zama cikakken Janar ya kuma ɗaga Danjuma sama da Kwamishinan Tsaro Manjo-Janar Iliya Bisalla, ya ɓata wa wasu rai. Murtala bai koma Barikin Dodan da zama ba, yana gidansa na Ikoyi. Ya hana jiniya da jerin gwanon motoci, yana bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kowace safiya. Jama'a sun so shi saboda haka. Masu neman ransa ma ba su buƙaci wani leƙen asiri ba, agogo ya ishe su.

Da safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976 baƙar Marsandinsa ta tsaya cikin cunkoson motoci kusa da Sakatariyar Tarayya a Ikoyi. Sojoji suka fito daga gefen hanya suka buɗe mata wuta. Ya rasu nan take yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa Saje Adamu Michika. A Ilori aka kashe Gwamna Ibrahim Taiwo. Jagoran maharan, Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka, ya nufi gidan rediyo ya yi jawabin da har dokar hana fita ya juya, ya sa ta daga safe zuwa yamma. Ya kuma je ofishin jakadan Birtaniya yana neman a sada shi da Gowon, wanda ke karatu a Ingila. Bai kama hedikwatar soja ba, bai yanke layukan da Danjuma ke tara dakaru da su ba. Kafin la'asar Ibrahim Babangida ya iso da motoci masu sulke, Dimka ya tsere, aka kama shi a Gabas bayan makonni. An harbe Bisalla da wasu a watan Maris, Dimka da tsohon gwamna Joseph Gomwalk ranar 15 ga Mayu.

An kai gawar Murtala Kano aka binne. Obasanjo ya hau, aka tsallakar da Shehu 'Yar'aduwa daga Laftanar-Kanar zuwa Birgediya ya zama na biyu, domin a kwantar da hankalin Arewa. Sabuwar gwamnatin ta yanke cewa sashen asiri na 'yan sanda ya gaza, tunda an shirya kashe shugaban ƙasa a tsakiyar Legas ba a tare ba. A shekarar ta kafa Hukumar Tsaron Ƙasa, NSO, ta ba Abdullahi Muhammad. A 1986 Babangida ya raba ta uku: SSS ta cikin gida, NIA ta ƙasashen waje, DIA ta soja. Waɗannan ukun ne ke riƙe da kunnen gwamnati a daren da aka shiga makarantar Ƙanƙara, shugaban ƙasa Buhari kuma yana hutu a Daura, cikin jihar.

Hoton Murtala ya hau takardar Naira 20 a 1977, sunansa na kan filin jirgin sama na Legas da babban asibitin cikin birnin Kano. Motar da aka kashe shi a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsasai a jikinta.